Haƙuri Iri Biyu: Nazarin Lamarin Mai Yoyon Fitsari

A asibitin Babbar Ruga da ke bayan garin Katsina, abin da baƙo ke fara gani shi ne mata suna kai da kawowa a tsakar gida, kowace da ƙaramin bokiti a hannu, siririyar robar fitsari ta sauko daga ƙarƙashin zanenta tana ɗiga a ciki. A ɗaya hannun kuma kofi ne ko gorar ruwa. Wasu ba su wuce shekara 15 ba, wasu sun yi furfura da lalurar. Asalin wurin asibitin kutare ne. A farkon shekarun 1980 wani likita ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, wanda aikin kuturta ya kawo shi, ya fara ɗinke matan da ke zuwa da yoyon fitsari, har wurin ya zama cibiyar ƙasa ta wannan aiki. Cibiyar Danja da ke kusa da Maraɗi, wadda aka buɗe a 2012, ita ma a harabar asibitin kutare aka gina ta. Waɗanda mutane ke ƙyama, a wuri ɗaya suke haɗuwa.

Matar da wannan nazari zai bi ita ce irin wadda ta fi yawa a layin ganin likita a can, da cibiyar Laure ta asibitin Murtala a Kano, da Jahun, da Ningi. Shekarunta ba su kai 20 ba. Cikin fari ne. Ba ta yi awo ba, ko ta je sau ɗaya ta bari. Da cikin ya tsufa aka kai ta goyon ciki gidan iyayenta, a ƙauyen da mota ba ta shiga sai ranar kasuwa. Abin da ake son ganowa shi ne me ke sa wata ta fito daga wannan jarrabawa da ƙarfin da ba ta da shi a da, wata kuma ta fito a karye ko da an ɗinke ta ta bushe.

Kwana uku a ɗaki

Naƙuda ta kama ta da daddare, ba ta gaya wa kowa ba. Da haka aka tarbiyyantar da ita: 'ya mace ba ta raki wurin haihuwa, balle a kan ɗan fari da ake jin kunyarsa. Sai da gari ya waye aka lura, aka kira ungozoma. Ungozomar gargajiya kuwa aikinta yanke cibi ne da wanke jariri da binne mabiyiya. Ba ta da yadda za ta gane cewa kan yaro ya fi ƙarfin ƙugun uwa. Aka kawo rubutu, aka kawo jiƙo, aka ce ta yi nishi. Kowa ya leƙo sai ya ce, “Yi haƙuri, 'yar nan, yanzu za ki sauka.” Rana ta faɗi, ta fito, ta sake faɗuwa.

Ga abin da ke faruwa a ciki a waɗannan sa'o'i. Mafitsara tana gaba, dubura tana baya, hanyar haihuwa tana tsakaninsu. Idan kan jariri ya sauko ya maƙale, yakan danne bangon farji da mafitsara a jikin ƙashin mara, kowane yunƙuri kuma yana ƙara matse su. Naman da ya daɗe a danne jini ba ya kai masa, sai ya mutu. Jaririn ma yakan rasu a ciki, a kusan 9 cikin kowace haihuwa 10 irin wannan. Bayan ya rasu kansa yakan yi laushi har a haife shi, ko a ciro shi a asibiti. Tsakanin kwana 3 zuwa 10 da haihuwa mataccen naman yakan ɓanɓare ya faɗo, ya bar huda tsakanin mafitsara da farji. Daga ranar fitsari ba ya taruwa, tsiyaya yake yi dare da rana. Idan dannewar ta taɓa baya, har bayan gida yakan biyo ta gaba. Jijiyoyin ƙafa da suka ratsa ta ƙugu su ma sukan matsu, shi ya sa da yawa ke zuwa suna jan ƙafa, tafin ya saki ba ya ɗaguwa.

Tun nazarin Thaddeus da Maine na 1994 masana ke maganar jinkiri uku da ke kashe masu haihuwa: jinkirin yanke shawarar a tafi asibiti, jinkirin hanya, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Duka ukun sun hau kan wannan yarinya. Mijinta ya tafi cin rani, babu wanda ya ga yana da ikon cewa a fita da ita. Da aka yarda a tafi, sai neman mota da kuɗin mai. Da aka isa ƙaramin asibiti, babu mai yin tiyata, aka tura su gaba, a can kuma aka ce a kawo mai ba da jini. Ana yawan ɗora laifin kacokan a kan auren wuri. Gaskiya ne yarinyar da ƙugunta bai gama buɗewa ba ta fi shiga haɗari, amma mai haihuwa ta shida ma tana kamuwa idan yaro ya zo a gicciye. Abin da ke raba wadda ta tsira da wadda ta yoye shi ne samun tiyata a kan lokaci. Akwai kuma waɗanda hudar tasu daga yankan gishiri ta samo asali, inda aska ke zarcewa ta yanka bututun fitsari, da waɗanda aka ji wa rauni wurin tiyatar haihuwa a hannun wanda bai ƙware ba.

Duk wanda ya ce mata ta yi haƙuri a waɗannan kwanaki, da zuciya ɗaya ya faɗa. Amma haƙurin zama a jira shi ne ya cinye mafitsararta. Ƙa'idar da ma'aikatan lafiya ke nanatawa ita ce naƙudar da ta wuce sa'a 12 ba ta ɗaki ba ce, kuma kada rana ta faɗi sau biyu a kan mai naƙuda.

Abin da zarni ke yi wa gida

Makonnin farko ana ɗauka jego ne, ana ta wanka da ruwan zafi ana cewa zai tsaya. Arba'in ta wuce bai tsaya ba. Miji ya zo dubiya sau ɗaya, sau biyu, sannan saƙo ya zo cewa ta zauna gida har ta samu sauƙi. Wani takarda yake aikowa. Akwai mazan da ke tsayawa, suna wanke tsumma da hannunsu suna bin asibitoci, kuma matansu su ne suka fi saurin murmurewa. Ya kamata a riƙa faɗin wannan don a san abu ne mai yiwuwa. Amma ita tamu, an ware mata ɗaki da tabarma da kwano. An hana ta girki. Ta daina zuwa suna da biki da Islamiyya, tun kafin a ce kada ta je.

A wannan zaman takan yi kurakurai uku, kowanne kuma da hujjarsa a wurinta. Na farko, ta rage shan ruwa don yoyon ya ragu. Sai fitsarin ya yi kauri, zarninsa ya ninka, ya riƙa cin fata har cinyoyi su saɓule, a ƙarshe tsakuwa ta taru a mafitsara, ƙoda ma ta fara gajiya. Wadda ke shan ruwa sosai ta fi jiƙa zane, amma fitsarinta kusan ruwa ne, ba ya wari ba ya ƙuna. Na biyu, yawon neman magani: an sayar da akuya an kai wa mai magani, an ba ta abin cusawa, kanwa ko ganye ko wani haɗi, wanda ke ƙona wurin ya bar tabo mai tauri, ya sa ɗinkin gaba ya yi wuya. Na uku shi ne wanda ya fi karya ta: ta daina salla, saboda tana ganin ba ta taɓa zama da tsarki.

Wannan na ukun ba shi da tushe a fiƙihu. A mazhabar Malikiyya, fitsarin da ke fita ba da ikon mutum ba, idan ya lazimce shi rabin lokaci ko fiye, ba ya karya alwala. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a kowane zaure, ta ce mustahabbi ne mai irin wannan lalura ya sabunta alwala ga kowace salla, kuma malamai sun yi bayanin cewa an yi rangwame a kan abin da ke taɓa tufafinsa. Ke nan idan lokaci ya shiga ta yi tsarki, ta sa ƙyalle mai tsabta, ta ɗaura zanen da ta ware don salla, ta yi alwala, ta kabbara. Abin da ya zubo tana cikin salla bai ɓata mata komai ba. Macen da ta yi shekara biyu tana zaton an rufe mata ƙofar Ubangijinta, ranar da malama ta zaunar da ita ta gaya mata wannan, an ɗauke mata rabin kayan tun kafin likita ya taɓa ta. Abin takaici ne a ce mas'alar da ɗalibin farko ya sani ba ta isa ɗakin da aka fi buƙatarta ba. Limamai da masu wa'azi a rediyo suna da bashi a nan.

Roba, ruwa, ɗinki

Da an kawo ta cikin makonnin farko, da wataƙila ba a kai ga tiyata ba. Hanyar da Waaldijk ya yayata ita ce a sa wa mace robar fitsari da zarar an ga yoyo, a bar ta mako 4 zuwa 6, tana shan ruwa lita 5 zuwa 6 a yini, tana zama cikin ruwan ɗumi safe da yamma. Muddin mafitsara ba ta cika tana miƙewa, bakin ƙaramar huda yakan haɗu ya rufe da kansa. Don haka ma ake so duk wadda ta sha doguwar naƙuda a bar mata roba kamar mako 2, ko da ba a ga yoyo ba tukuna. Roba ce mai araha wadda kowace nas ta iya sa ta, kuma rashin ta ya jefa mata da yawa cikin shekarun wahala.

Ita dai sai bayan shekara biyu ta zo, kuma ba sanarwar hukuma ce ta kawo ta ba. Wata mata ce daga ƙauyen maƙwabta, wadda aka taɓa ɗinkewa, ta ji labarinta ta zo har ɗaki ta ce wa uwarta, “Inna, ciwon nan ina da shi a da. Ki ba ni ita mu tafi.”

Likita yakan duba girman hudar da inda take, ko ta ci bututun fitsari, da yawan tabon da ke kewaye. Idan ƙarama ce ba ta ganuwa, sai a ɗura shuɗin ruwa a mafitsara a ga inda zai ɓullo. Kafin aiki a gyara jini idan ya yi ƙasa, a magance zazzaɓi da ƙurajen fata, a ciyar da ita, a koya mata shan ruwa. Aikin kansa yawanci da allurar baya ake yi, tana farke, kuma ta gaba ake bi ba tare da an tsaga ciki ba. A saki mafitsara daga tabon da ya riƙe ta, a haɗa bakin hudar ba tare da an ja shi da ƙarfi ba, a sake ɗura shuɗin ruwa a tabbatar ba ya fita. A hannun gwani, hudar da ba ta yi muni ba tana rufewa a kashi 80 zuwa 90 cikin 100. Ɗinkin farko shi ne dama mafi girma. Duk wanda ya ɓaci yana ƙara tabo yana rage nama. Saboda haka gara a yi tafiyar kwana guda zuwa cibiyar da wannan ne aikinta, da a bari wanda bai saba ba ya gwada.

Bayan aiki abu uku nas ke dubawa ba dare ba rana: tana sha, roba tana zuba, shimfiɗa a bushe take. Lita 5 ruwan leda 10 ke nan, kuma ma'aunin shi ne fitsarin da ke cikin bokiti ya zama fari kamar ruwa. Idan azumi ya riske ta a wannan hali, ta sha ta rama. Robar takan zauna kwana 10 zuwa 14, ko da yake Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2018 kwana 7 zuwa 10 sun isa ga huda mai sauƙi. Babban abin tsoro shi ne robar ta toshe, ko ta lanƙwashe a ƙarƙashin cinya ko gudan jini ya tare ta. Mai shan lita 5, cikin 'yan sa'o'i mafitsararta za ta cika ta ɓarke ɗinkin. Nas ɗaya ba ta iya tsaron gado da yawa, don haka majinyaciyar ake koya wa tsaron kanta: idonki a kan robar, da kin ga ɗiga ya tsaya, ki ɗaga murya ki kira, ko da tsakar dare ne, ko da barci nas ɗin take yi.

A nan ne lamarin ke juyawa. Yarinyar da aka koya wa cewa mutunci shi ne ta cije ta yi shiru, kuma shirun ya kashe mata ɗa, yanzu warkewarta ta rataya ne a kan ta buɗe baki. Haƙuri ake nema daga gare ta har yanzu, amma wani iri ne: ta shanye kofi na ashirin alhali cikinta ya ƙi, ta tashi ta taka da robar washegarin aiki, ta ja ƙafar da ta saki tana motsa ta kullum, ta tambayi abin da ba ta gane ba. Malamai masu ziyartar irin wannan ɗaki ba sa rasa abin faɗi daga ƙissar Annabi Ayuba. Ya yi haƙuri, amma ya kai kukansa ga Ubangiji, kuma amsar da aka ba shi a Suratu Sad, aya ta 42, umarni ne na motsi: ya buga ƙafarsa a ƙasa, ga ruwa mai sanyi na wanka da na sha.

Inda ƙarfin ke fitowa

A 1996 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Richard Tedeschi da Lawrence Calhoun, suka fitar da ma'auni na irin ci gaban da wasu ke samu bayan masifa. Sun kasa shi gida biyar: dangantaka da mutane, ganin sababbin hanyoyin rayuwa, sanin ƙarfin kai, zurfin imani, da sanin darajar rayuwa. Abin da ya fi muhimmanci a bayaninsu shi ne ci gaban yana zuwa ne daga kokawar da mutum ya yi da abin da ya same shi, kuma yana iya zama tare da baƙin ciki a zuciya ɗaya. Masifar kanta ba ta gina kowa. Shekara biyu a ɗaki ita kaɗai ba su ƙara wa yarinyar nan komai ba, rama da tsoro suka bar mata. Duk mai cewa wahala makaranta ce, ya tuna makaranta sai da malami da abokan karatu.

Ɗakin jinya shi ne ya ba ta su. Ranar da ta shiga ta ga gomman mata masu irin ciwonta, alhali tana zaton ita kaɗai aka jarraba. Babu mai toshe hanci, babu mai janye tabarma. Aka yi mata kitso, aka sa mata lalle, aka ci abinci da ita a kwano ɗaya. Waɗanda suka riga ta zuwa su ke koya mata yadda ake riƙe roba da yadda ake kwanciya da ita, bayan mako biyu kuma ita ce ke koya wa wata. Ma'aikatan da suka san aiki da gangan suke ɗora wa kowace wani nauyi, ko ƙirga kofunan maƙwabciyarta ne, ko raka sabuwa banɗaki. Mutumin da aka daɗe ana ɗauka a matsayin kaya, ranar da wani ya buƙace shi ita ce ranar da ya fara dawowa.

Akwai wani rauni da allura ba ta kai masa, kuma shi aka fi mantawa. Ɗanta ya rasu, an binne shi tana kwance ba ta san inda kanta yake ba, ba a raɗa masa suna ba, kuma ba wanda ya yi mata ta'aziyya yadda ake yi wa uwa, domin yoyon ya sha kan komai. Tana buƙatar wanda zai zauna ya tambaye ta namiji ne ko mace, ya bar ta ta yi kuka. Kalmomi irin su “ai wasu sun fi ki shiga uku” ko “ke dai ki gode wa Allah” gaskiya ne a kansu, amma idan aka yi gaggawar faɗinsu rufe mata baki suke yi. Idan aka ga ba ta barci, ba ta ci, ta daina magana, ko tana cewa gara ta mutu, a tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin cutar da kanta, a haɗa ta da likitan da ya san ciwon damuwa. Tambayar ba ta cusa tunanin. Sau da yawa ita ce ke sauke shi.

Komawa gida

Bayan cire roba mafitsarar da ta daɗe ba ta tara komai ba ta ƙanƙance, don haka da farko ana so ta riƙa zuwa fitsari duk bayan sa'a ɗaya ko biyu, tana ƙara tazara a hankali. Ana koya mata matse naman ƙasan mara kamar mai riƙe fitsari, ta ƙirga 5 ta saki, sau 10 a jere, sau 3 a yini. Babu daka, babu ɗaukar tulu ko dami har wata 3. Ta ci ganye ta sha ruwa don kada bayan gida ya yi tauri ta yi yunƙuri. Kada ta cusa komai, har da haɗin matsi da 'yan'uwa ke kawowa da kyakkyawar niyya.

Abin da ya fi ɓarke ɗinki bayan sallama shi ne saduwa da wuri. Mafi ƙaranci wata 3 ne, cibiyoyi da yawa kuma suna cewa har wata 6. Kuskure ne a ba yarinya wannan saƙo ta kai wa miji ita kaɗai, domin ba ta da bakin faɗa. A kira shi, likita ko babbar nas ta gaya masa ido da ido: “Malam, aikin ya yi kyau, saura naka. Idan aka kusance ta kafin lokaci, ɗinkin zai buɗe, na biyu kuma ba ya kai na farko.” Inda ake shakka, ta yi waɗannan watanni a gidan iyayenta. Wadda aka saka kuma, kada a yi mata gaggawar sabon aure don a wanke sunan gida. A tattauna tazarar haihuwa ta aƙalla shekara guda tun tana asibiti.

Sai maganar sana'a, inda ake yawan kashe kuɗi a banza. Ana koyar da ɗinki na mako shida a ba da keke a ɗauki hoto. Mako shida ba sa yin tela. Keken yakan ƙare a hannun wani ɗan'uwa ko a kasuwa. Ana koyar da sabulun ruwa alhali sinadarinsa sai birni, kuɗin motar sayo shi ya cinye ribar. Sana'ar abinci ma tana da tata matsala, domin mutanen da suka san ta da zarni sukan ɗauki lokaci kafin su sayi ƙosai a hannunta. Abin da ya fi kamawa shi ne a tambaye ta me ta iya tun da, me kuma ake saye a garinsu. Tunkiya ko akuya biyu, saƙar hula, kitso, sayar da gishiri da magi da ashana daga cikin gida, sannan a shigar da ita adashe. Adashen yana da amfani biyu: yana tara jari, kuma yana mayar da ita cikin mata a matsayin wadda ake jira ta kawo zubi. A rubuta dabbar ko jarin da sunanta a gaban mai unguwa, kuma wani ya dawo ya duba bayan wata 3.

Alamar da ta fi nuna cewa ta miƙe ba a asibiti ake ganinta ba. Ana ganinta ne ranar da ƙanwarta ko 'yar maƙwabta ta kwana tana naƙuda, tsofaffi suna cewa a ƙara haƙuri, ita kuma ta shiga ɗakin ta ce a nemo mota yanzu, ta tsaya a kan maganarta har a nemo. Da yawa daga cikin waɗanda ke kawo sababbin majinyata cibiyoyin nan tsofaffin majinyata ne. Sun san hanya, sun san kuɗin mota, kuma maganarsu tana shiga inda ta ma'aikacin lafiya ba ta shiga.

Wadda ba ta bushe ba

Ba kowace ke komawa a bushe ba, kuma rashin gaskiya ne a yi wa kowace alkawari. Wata an rufe hudar amma bututun fitsarin ya lalace ba ya riƙewa, tana tari ko ta miƙe sai ya zubo. Wata tana buƙatar aiki na biyu ko na uku. Akwai kaɗan da naman mafitsararsu ya ƙare. Irin waɗannan akan yi musu tayin karkatar da fitsari zuwa hanji, aiki babba mai buƙatar bibiya har ƙarshen rayuwa, wanda bai kamata a yi ba sai an yi mata bayani da harshenta ta yarda da kanta. Wadda za ta ci gaba da zama da yoyo tana da abin yi: ruwa mai yawa, wanke wurin sau da yawa a yini, shafa basilin ko man kaɗanya a cinyoyi don fitsari kada ya taɓa fata, ƙyallayen auduga masu yawa da ake wankewa a shanya a rana, leda a ƙarƙashin shimfiɗa. Da wannan zarni yakan ragu har ta zauna cikin mutane. Ana samun irinsu suna sana'a, suna salla, suna riƙon 'ya'yan 'yan'uwa, wasu ma su ne ke tarbar sababbin zuwa. Ana kuma samun wadda ta bushe sarai amma har yanzu ba ta iya fita ƙofar gida, domin an ɗinke ta an sallame ta ba wanda ya zauna da ita.

Ciki na gaba

Haila takan ɗauke wa wasu na watanni bayan irin wannan haihuwa, wasu kuma ba sa sake samun ciki. Ga wadda ta samu, dokar ɗaya ce: ba za ta sake haihuwa a gida ba, kuma tiyata za a yi mata kafin naƙuda ta kankama, domin kan jariri yana iya yaga tsohon ɗinki. Nijar ta ayyana tiyatar haihuwa kyauta tun tsakiyar shekarun 2000, Najeriya ma ta sanar da irin wannan shiri ga mata marasa ƙarfi a 2024, amma kyautar ba ta kawo mota ƙofar gida, ba ta kuma ba da jini.

Shirin yakan fara ne daga wata na uku. Ta fara awo, ta nuna katin da aka ba ta ranar sallama, ta faɗa da bakinta cewa an taɓa yi mata ɗinkin yoyon fitsari. A tsayar da asibitin da ke da likitan tiyata, a sa rana. A nemi 'yan'uwa biyu a gwada jininsu tun da wuri. A ware kuɗin mota a hannunta ita kanta, a karɓi lambar direba. Miji ya ba da izinin tafiya tun yanzu a gaban mahaifiyarsa da mahaifiyarta, don kada ranar ta zo yana cin rani a tsaya jiran sa. Da cikin ya shiga wata na tara, ta tattara kayanta ta koma gidan dangi mafi kusa da asibitin ta zauna.